Kirsimetin da Baba Ya Ƙi Raba Addu'a

Mun koma Dutse ne ba da daɗewa ba bayan an ƙirƙiro jiha, lokacin da aka kwaso ma'aikata daga Kano aka ce kowa ya nemi wurin sa haƙarƙarinsa. Baba malamin dabbobi ne, aikinsa yi wa shanu allura, saboda haka rabin rayuwarsa a kan babur ya yi ta, tsakanin rugagen Kiyawa da na Buji. Mu Hausawa ne Kirista daga wani ƙauye a kudancin Kano, abin da kan ɗaure wa mutane kai. Sai su ji Hausarmu, su ga babbar rigar Baba da hularsa, ranar Lahadi kuma su gan mu mun nufi majami'a.

Muka kama haya a Limawa, a gidan wani Alhaji, Bafulatani ne da ya shiga kasuwar hatsi amma bai rabu da shanu ba, suna can hannun ƙannensa a ruga. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan da yake zaune. Shi Likita yake kiran Baba, kamar yadda Fulanin daji suke kiransa. Matarsa, Hajiya, ita ta nuna wa Inna inda ake niƙa da inda ake samun daddawa mai kyau. Babban ɗansa kuma sa'an yayana ne, tare suka yi wasan ƙwallo har ƙafafuwansu suka yi kanta. Duk Kirsimeti Alhaji ne yake yanka mana akuya da hannunsa don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba, duk Sallah kuma kwanon waina da miyar taushe yakan ƙetaro mana.

A tsakiyar shekarun casa'in Baba ya sami kujerar ziyarar Urushalima. Alhaji ne ya raka shi tasha, yana tsokanarsa cewa daga yau shi ma ya zama Alhajin Ƙudus. Da ya dawo mun ga ya rame, yana tafiya a ɗan duƙe. Sai da baƙi suka watse sannan ya ɗaga riga ya nuna mana ɗinki a gefen cikinsa, ya ba mu labari.

Ranar da aka kai su Baitalami, garin da aka haifi Almasihu, ciki ya murɗe shi a bakin wani shago har ya faɗi. Mai shagon wani tsoho ne Balarabe mai sassaƙa itacen zaitun. Shi ya tallafe shi, ya kira ɗansa ya fito da mota, suka sa Baba a baya tare da jagoran tafiyarsu. Baba ya ce yana cikin azaba amma kunnensa na jin tsohon yana ta kiran Allah, yana faɗin kalmomin da suka yi kama da namu, salama, lafiya, rahama. Da ya buɗe ido sai ya ga gicciye a wuyan tsohon. Ashe Kirista ne, iyayensa da kakanninsa duk a garin aka binne su. Baba ya ce duk karatunsa bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai Bafalasɗine Kirista ba.

A kan hanyar asibiti akwai shingen sojoji. Nan aka tsayar da su. Aka yarda a wuce da Baba a wata motar, amma tsohon da ɗansa ba su da takardar shiga birnin Urushalima a ranar. Abu na ƙarshe da Baba ya gani ta gilashi shi ne tsohon nan mai furfura tsaye a gefen titi hannuwansa a sama, wani soja da bai wuce jikansa ba yana lalube aljihunsa. Ko godiya bai samu ya yi masa ba.

A asibiti wata likita Bayahudiya ce ta yi masa aiki. Kullum da safe takan zo ta duba ɗinkin, ta tambaye shi labarin shanu, don ta ce mahaifinta ma ya yi kiwo. Ranar da za a sallame shi ya tambaye ta yaranta nawa. Ta ce biyu ne, amma ɗaya ya shiga motar haya zai tafi makaranta bam ya tashi da motar. Ta gyara masa bargo ta wuce gado na gaba.

"Ɗaya ya ɗauke ni daga ƙasa, ɗaya ta ɗinke ni," in ji Baba. "To, ku gaya mini wanda zan roƙa wa Allah in bar ɗaya."

Tun daga shekarar, duk ranar Kirsimeti idan aka zo addu'ar jama'a, wadda dattawan ikilisiya suke yi, Baba ne yake tashi. Yakan roƙa wa mutanen Isra'ila da mutanen Falasɗinu salama, ya roƙa a yi wa kowa adalci. Shekarun farko ba wanda ya damu. Mutane na cewa amin hankalinsu na kan shinkafar da suka baro a wuta.

Sai shekarar shari'a ta zo.

Ina kwalejin horon malamai a lokacin. Tun farkon shekarar rikicin Kaduna ya ci ƙanin Inna, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tela ne, a shagonsa aka same shi. Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe, daga baya ta daina kukan, ta daina yawan magana ma. Hajiya ta zo ta zauna da ita kwanakin makoki, ita ta riƙa dafa mana abinci, amma bayan nan sai na lura Inna ta rage leƙa katanga.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, gaskiya ba wanda ya taɓa mu a Dutse. Sai dai tsoro ba ya jiran a taɓa mutum. Iyalai da yawa a majami'armu, musamman waɗanda suka zo aiki daga kudu, suka tura mata da yara gida. Bencinan baya suka zama wayam. Ƙungiyar mawaƙa da nake ciki ta ragu har muryar maza ta koma mutum biyu. Kowa ya shiga auna maganarsa a kasuwa.

Ana cikin haka, da kaka, rediyo ya fara kawo labarin sabon faɗa a ƙasa mai tsarki. Kullum da yamma Baba na zaune a tsakar gida da rediyo a kan cinyarsa, yana jin yawan waɗanda suka mutu. Aka ce bana ko fitilun Kirsimeti ba za a kunna a Baitalami ba, masu ziyara sun ƙaurace. A cikin gari aka fara manna hotunan yaran Falasɗinawa da aka kashe a jikin shaguna da bayan motoci. A majami'armu kuma shugaban matasa, wani ma'aikacin banki mai zafin nama, ya zo da 'yar tutar Isra'ila ya kafa a kan teburin sanarwa. Faɗan da ake yi a nesa ya zo ya zauna daidai kan tsagar da ke tsakaninmu, kowa ya ga fuskarsa a ciki.

Lahadin da ta rage mako guda Kirsimeti, bayan an tashi sujada, dattawa suka zauna a gindin darbejiyar da ke harabar majami'a. Ina kusa ina tattara kayan kiɗa, don haka na ji komai. Shugaban matasa ne ya fara.

"Baba Dattijo, da girmamawa, addu'ar nan taka ta kowace shekara, bana a bar ta. Ko kuma a yi wa Isra'ila kaɗai. Su ne jama'ar alkawari, mu da su abu ɗaya ne. Waɗancan kuwa irin waɗanda suka ƙone mana mutane ne a Kaduna."

"Ka taɓa ganin ɗaya daga cikinsu?" in ji Baba.

"Ba sai na gani ba."

"Ni na gani. Wanda na gani gicciye ne a wuyansa, kuma a majami'ar da aka gina a kan wurin haihuwar Ubangijinka yake sujada. Amma ko da Musulmi ne, ba shi ya je Kaduna ba. Surukina ne aka kashe a can, ni na je na ɗauko gawarsa. Ba sai an koya mini zafin abin ba."

Wani dattijo, tsohon ɗan sanda mai sanyin hali, ya ce shi ba ya ƙin addu'ar, amma lokaci ne bai dace ba. Mutane na cikin ciwo, za su ɗauka ana goyon bayan waɗanda suka cuce su. A bari ƙura ta lafa.

Baba ya ce, "In ƙura ta lafa ai kowa ma zai iya. Yanzu ne ake bukatarta. Ni ban ce kada ku roƙa wa Isra'ila ba, ni ma ina roƙa musu, akwai wadda nake ambata a gaban Allah kullum a cikinsu. Abin da na ƙi shi ne in tsaya ranar da aka haifi Sarkin Salama in raba garin haihuwarsa biyu, in ce Allah ya dubi wannan gefe ya kau da kai daga wancan."

Fasto bai daɗe da zuwa ba, saurayi ne, kuma kowane ɓangare na jan rigarsa. Ya yi ta murza hannu, a ƙarshe ya ce addu'ar Kirsimeti ta Baba ce tun kafin ya zo, ba zai karɓe ta ba, amma yana roƙo a taƙaita. Shugaban matasa ya tashi ya kaɗe wandonsa ya ce to, kada a yi mamakin abin da zai biyo baya.

A shekarar Kirsimeti ta faɗo cikin goman ƙarshe na azumi. Ranar Juma'ar ƙarshe, bayan an sauko daga masallaci, wasu matasa suka yi jerin gwano don nuna goyon baya ga Falasɗinawa. Ba su taɓa kowa ba, sun bi titi da tutoci suna kabbara suka watse. Ɗan Alhaji na cikinsu. A hanyarsa ta dawowa ya tarar da yayana a ƙofar gida yana wanke babur ɗin Baba. Yayana ya yi masa sannu. Shi kuwa ya tsaya ya dube shi ya ce, "Ku ai 'yan koren Yahudawa ne, an ce har tutarsu kuka kafa a cocinku." Ya shige gida.

Yayana ya shigo idonsa jawur. Inna ta ce a fara neman wani gida. Da aka yi la'asar Baba ya sa hularsa ya ce in ɗauko ledar dabinon da wani Ardo ya ba shi a Kiyawa in biyo shi. Na san dalilin da ya sa ya tafi da ni: mutum ba ya zuwa faɗa da 'yarsa a bayansa.

Alhaji na zaure a kan buzu da carbi a hannu. Aka gaisa, aka tambayi azumi, aka tambayi shanu. Na ajiye dabinon na rakuɓe a bakin ƙofa. Baba ya faɗi abin da ya faru ba tare da ƙari ba. Fuskar Alhaji ta canza, ya ƙwala wa ɗansa kira, yana zuwa ya fara yi masa faɗa da Fulatanci. Baba ya ɗaga hannu.

"Alhaji, ba ƙara na kawo ba. Ina so ne mu yi magana da ɗana. Zauna."

Saurayin ya zauna yana kallon ƙasa.

Baba ya ce, "Maganar tuta gaskiya ce, akwai ta, ba ni na kafa ba, kuma ban ji daɗinta ba. Amma ina so ka ji abin da idona ya gani."

Ya ba shi labarin tsohon mai sassaƙa da shingen sojoji. Saurayin ya ɗago kai, ya ce, "To ka gani, Baba. Kai da kanka ka ga zaluncin."

"Na gani, kuma ba zan ɓoye shi don in faranta wa mutanen majami'armu ba."

Sannan ya ba shi labarin likitar da ɗanta.

Saurayin ya ce, "Amma Baba, wanda aka ƙwace wa gona da wanda ya ƙwace ba ɗaya ba ne."

"Ba ɗaya ba ne," in ji Baba. "Shi ya sa ba na roƙon salama ita kaɗai. Tambayi mahaifinka, sau nawa muka zauna sulhu tsakanin manoma da makiyaya a ƙasar Buji? In shanu suka ci gona aka ce a yafe kawai ba a biya ɓarna ba, damina mai zuwa sai an zub da jini. In kuma manomi ya nome burtali ya toshe mashaya aka ce makiyayi ya yi haƙuri, shi ma ba ya ɗorewa. Sai an mayar wa kowa haƙƙinsa. Amma ban taɓa ganin inda aka gyara ɓarnar gona ta hanyar kashe ɗan makiyayi ba. Yaron likitar nan makaranta zai tafi, gonar wa ya ƙwace?"

Alhaji ya ce, "Ka ji dai."

Ɗan nasa bai ce ya yarda ba. Ya ce shi dai abin da ya sani mutanen can suna mutuwa kullum duniya na kallo. Baba ya ce wannan ma gaskiya ne, kuma ranar Litinin, ranar Kirsimeti, zai tsaya a gaban jama'arsa ya faɗi haka, ko za su ji daɗi ko ba za su ji ba. Ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya nake roƙonka. Wancan da ka gaya wa magana, tare kuka tashi. Kada ka bari faɗan da ba ku kuka haɗa ba ya cinye muku wannan."

Muka tashi. Alhaji ya rako mu har waje, ya ce akuyar fa, yaushe za a kawo ya yanka? Baba ya ce sai ya shawarta da uwargida.

Nan ne aikin ya fi wuya. Inna ta ce bana ba za ta dafa wa kowa komai ba. Ranar jajibere, bayan mun dawo daga majami'a, tana tsince shinkafar da za ta ishe mu mu kaɗai, Baba ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.

"Malam, ka ƙyale ni," in ji ta. "Ƙanina ko shekara bai yi a ƙasa ba. Kai kana ta Larabawa da Yahudawa, ni nawa ciwon yana nan cikin gidan nan."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai gawa ka ɗauko, ni goyo na yi."

Baba ya sunkuyar da kai.  Sannan ya ce ba zai tilasta mata girki ba, in ta ce a bari an bari. Amma addu'a zai yi ta, domin in ya fasa bana, ya san ba zai ƙara iya yi ba, kuma yana tsoron abin da zuciyarsa za ta koma in ya bar ta ta zaɓi waɗanda za ta ji tausayinsu. Ya ce shi ma tun da ya dawo daga Kaduna akwai safiyar da yakan tashi ya ji ba ya son ganin fuskar kowa a unguwar, sai ya tuna waɗanda suka zauna da mu kwanakin makoki.

 Inna ta ci gaba da tsintar shinkafa. Baba ya tashi ya fita. Can bayan azahar sai na ji ta kira yayana ta ce ya ja akuyar ya kai wa Alhaji kafin rana ta yi sanyi, ni kuma ta ce in ƙaro shinkafa daga buhu. Ba ta yi bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ranar Kirsimeti majami'a ba ta cika ba, amma an yi ado, mata sun sha sabbin atamfofi, mun yi waƙa da iyakar muryar da ta rage mana. 'Yar tutar na nan a kan tebur. Bayan wa'azi Fasto ya kira Baba. Ya fito a farar rigarsa, ya cire hula, ya tsaya bai rufe ido ba tukuna.

Ya ce, "Kafin in yi addu'a, ku sani zan roƙa wa mutanen Isra'ila da mutanen Falasɗinu, duka biyun. Wanda zuciyarsa ba ta ɗauka ba, ba na riƙe shi da laifi. Ni ma da ƙyar tawa ta ɗauka."

Shugaban matasa ya miƙe ya fita. Mutum biyar ko shida suka bi shi, ana jin ƙarar takalmansu a kan siminti.  Baba ya jira har suka gama fita sannan ya rufe ido.

Ba doguwa ya yi ba. Ya gode wa Allah da ya aiko Ɗansa cikin talakawa a garin da sojoji ke mulki. Ya roƙa wa iyayen da suka binne 'ya'yansu a Baitalami da Gaza, da iyayen da suka binne nasu a Urushalima. Ya roƙa a mayar wa wanda aka ƙwace wa gida gidansa, a ɗauke shinge daga gaban tsofaffi da marasa lafiya, a bar yara su shiga mota su je makaranta su dawo. Ya roƙa wa masu riƙe da bindiga a kowane gefe Allah ya sa su gaji da ita. Daga nan ya dawo gida, ya ambaci Kaduna, ya ambaci waɗanda muka rasa da waɗanda Musulmi suka rasa, ya roƙa wa maƙwabtanmu masu azumi Allah ya ba su ikon ƙarasawa lafiya. Sannan ya rufe da sunan Almasihu.

Shiru ya biyo baya, irin wanda ban taɓa ji a majami'a ba. Daga ɓangaren mata sai na ji murya ɗaya, a dushe amma a fili, ta ce, "Amin." Muryar Inna ce. Sannan sauran suka bi, wasu da ƙarfi, wasu a ciki. Tsohon ɗan sandan nan na ga yana share ido da hularsa.

Saboda azumi ba mu raba abinci da rana ba kamar yadda muka saba. Inna ta tsara girkin yadda zai sauka dab da magariba, da zafinsa. Ni da yayana muka yi ta jigilar kwanuka, shinkafa da miyar akuya, da cincin, da zoɓo mai sanyi. Gidaje biyu suka mayar mana da namu, a ɗaya aka ce maigidan ya hana, a ɗayan ko ƙofa ba a buɗe sosai ba. Na dawo da kwanon raina a ɓace. Baba ya ce in kai wa masu gadin sakatariya, su ma suna buɗa baki, kuma in an kai badi gidajen nan biyu za a sake kai musu.

Gidan Alhaji Inna ce ta kai da kanta. Ina riƙe mata da jug ɗin zoɓo. Hajiya na ganinta ta ajiye ludayin kunu ta taso, suka riƙe hannun juna, sai Hajiya ta ce, "Kin rame." Inna ta ce, "Ke ma azumi ya taɓa ki." Suka yi 'yar dariya. Ɗan Alhaji na tsakar gida yana alwala. Ya gaishe da Inna a ladabce, amma da aka zuba abincin ya ce shi kunu ya ishe shi. Ya ɗauki watanni kafin su koma magana da yayana, kuma ba su koma kamar da ba. Suna gaisawa, suna zuwa sunan 'ya'yan juna, iyakarta ke nan.

Da aka zo zaɓen dattawan ikilisiya a farkon sabuwar shekara, ba a sake zaɓen Baba ba. Shugaban matasa ya yi aikinsa sosai. Har wasu suka riƙa cewa zaman Baba cikin Fulani ya sa ya fara karkata. Maganar ta yi masa ciwo, na ga haka, don ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai. Amma Lahadi ba ta taɓa wuce shi ba. Ya koma benci na uku ya zauna cikin jama'a, yana gaishe da waɗanda suka kayar da shi kamar yadda ya saba. Na tambaye shi ko yana ganin za a taɓa yin sulhu a can, tunda labarin rediyo kullum ƙara muni yake. Ya ce bai sani ba, mai yiwuwa ba a idonsa ba. Ya ce manomin Jigawa yakan yi shuka a busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba, wani lokaci iri ya ƙone ya sake, ba don ya tabbata ba sai don in bai shuka ba ya tabbata ba zai girba ba.

Kirsimetin da ta biyo baya wani dattijo aka ba addu'ar. Ya roƙa wa Isra'ila nasara da kariya, ya tsaya nan. Baba ya ce amin tare da kowa. Da muka dawo gida, kafin a taɓa abinci, ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Muna shirin durƙusawa sai muka ji sallama. Wata tsohuwa ce daga zumuntar mata, gwauruwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin kasuwa, ta tako da sandarta tun daga bayan dutse cikin rana. Bayanta ga tsohon ɗan sandan nan da matarsa.

Inna ta kawo mata ruwa ta ce, "Iya, da kin bari ai an kawo miki abincin har gida."

Tsohuwar ta sha ruwan ta ajiye kofi, ta jingine sandarta a bango.

"Ba abinci ya kawo ni ba," in ji ta. "Rabin addu'a aka yi a can. Malam, matsa mini in durƙusa, a ƙarasa."